Tsofaffin tambulan marasa tambari: nawa za a yi musu kuɗi?

Wata dillaliya daga yankin Ringim ta ce ta sayi tsofaffin tambulan shida masu zanen yanka a cikin kayan jeren wata tsohuwa. Babu rubutu a jikinsu. Tana son sanin kamfanin da ya yi su kafin ta sa farashi.

Hajiya, fara da abin da hannunki zai tabbatar. Ki shafa zanen da yatsa. Wanda aka yanka da dutsen niƙa bakin zanensa na da kaifi, wanda aka zuba a mazubi kuwa zanensa a daƙushe yake, kuma sau da yawa za ki ga siririn layi daga baki zuwa gindi inda mazubin ya haɗu. Idan kin ga layin nan, magana ta ƙare, kuɗin tambulan na kasuwa za ki sa.

In babu layi, sai gwajin dalma, don kiristal, wato gilashi mai tsada, akan sa masa dalma, ita ke ƙara masa nauyi. A ƙa'idar Turai ta 1969, sai gilashi ya ƙunshi aƙalla kashi 24 cikin ɗari na sinadarin dalma kafin a kira shi kiristal mai dalma. Ƙwanƙwasa shi da farce yana ba da ƙara mai tsawo, amma kunne na yaudara. Sikeli ya fi. Ki auna tambulan a sikelin giram. Sannan ki ɗora roba mai ruwa a sikelin, ki mayar da shi sifili, ki rataye tambulan da zare ya nutse gaba ɗaya, kada ya taɓa ƙasa, kada iska ta maƙale a ciki. Ki duba nauyin da sikelin ya nuna yanzu, sai ki yi lissafi, ki raba nauyin farko da wannan na biyu. Kusan 2.5 gilashi ne na yau da kullum, 2.9 zuwa sama akwai dalma.

Sunan kamfani shi ne mai wuya. Ki wanke gindin, ki hura masa numfashi, ki karkata shi a hasken rana, don tambarin da ake ci da asid yakan dushe. Kamfanonin Waterford na Ailan da Stuart na Ingila haka suka riƙa sa nasu, Baccarat na Faransa ma tun 1936. Na ƙasar Cek kuwa yawanci takarda ake mannawa, wankin farko ta tafi. Hoto a Google Lens, manhajar da ke neman abu ta hoto, zai nuna masu kama da shi, sai dai kamfanoni sun daɗe suna kwaikwayon zanen juna, kama da wane ba ta wane.

Don haka kada ki sayar da suna. Ki ce kiristal ne yankan hannu idan gwaji ya nuna, ki sayar da shidan a tare, kuma ki kai su cikin birnin Kano, don a kasuwar ƙauye ba za a biya darajarsu ba. Mai tsaga a baki ki ware shi. Ki kuma gaya wa mai saye kada ya bar zoɓo ko tsamiya su kwana a ciki, tsami na jawo dalma.