Kafi, azara da bakan gizo: kalmomin da ke jikin Gidan Madaki

Wani mai karatu daga Ningi ya aiko da tambaya: "Malam, na bi ta Kafin Madaki aka nuna mini tsohon gidan Madakin Bauchi. Mene ne kafi, kuma me ya sa ake kiran wanda ya gina gidan Babban Gwani?"

Kafi daga kafawa yake. Itatuwa ne ake kakkafawa a jere a kewaye gari don tsaro, daga baya sunan ya bi garin da aka kafa a bakin iyaka domin tare mahara, ko da an maye gurbin itacen da ganuwar ƙasa. Shi ya sa muke da Kafin Hausa da Kafin Soli. Kafin Madaki, hedikwatar ƙaramar hukumar Ganjuwa a yau, yana arewa da birnin Bauchi a kan hanyar Ningi, kuma zamansa a nan ba banza ba: a zamanin Sarkin Bauchi Ibrahim ɗan Yakubu hare-haren Ningawa sun matsa wa masarautar lamba. Madaki kuwa gajarta madawaki ne, wato shugaban mayaƙan doki. Ka ga sunan garin kaɗai ya faɗi aikinsa.

Babban Gwani laƙabi ne na girmamawa ga magini, ba sunan yanka ba. Da shi aka san Malam Mika'ilu wanda ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, har yau akwai unguwa mai wannan suna a birnin. Gidan Kafin Madaki ana danganta shi ga Babban Gwani Muhammadu Durugu, wajen 1860, kuma a 1956 aka sa shi cikin gine-ginen tarihi da gwamnati ke karewa.

Wata malamar makaranta daga Azare ta ce ɗalibanta sun ruɗe da bakan gizo: na sama ne bayan ruwa, ko na ɗaki?

Duka biyun, Malama, kuma na ɗakin daga na saman ya ari suna saboda lanƙwasarsa. Amma ba za ki gane shi ba sai kin san azara. Azara gangar giginya ce da ake tsagawa biyu ko huɗu, an fi son ta namijin giginya don ta fi tauri kuma gara ba ta cika cinta ba. Aibinta guda ne: in ta ɗauki nauyin ƙasar rufi, ba ta haye faɗin da ya wuce kamar mita biyu ba tare da ta lotsa ba. To yaya za a rufe zauren da manyan baƙi za su zauna a sake?

Dabarar ita ce a dasa azara cikin bango daga ɓangarori biyu, a ɗaura wata a kanta da igiya tana ɗan ƙara karkata ciki, a yaɓe da ƙasa, a bari ya bushe, sannan a ƙara wata. Hawa-hawa ake yi har hannuwan biyu su haɗu a tsakiya. Wannan shi ne baka. In magini ya yi gaggawa ya ɗora hawa na gaba kan ɗanyen yaɓe, bakan zai sunkuya, kuma ba ya gyaruwa sai an rushe. Idan bakuna biyu ko fiye suka gitta juna a tsakiyar rufi, sai a ce ɗaurin guga, domin sun yi kama da sandunan da ake gittawa a bakin gugar rijiya. A ganina nan ne gwanintar take, ba a zanen bango ba, ko da yake zanen ne ya fi ɗaukar idon baƙo.

Zanko kuwa, jam'insa zankwaye, shi ne tsinin da ke kan kusurwar soro, sunansa ɗaya da na zakara da na tukkun yaro.

Tambaya ta ƙarshe daga wani ɗalibi a Katsina: "Me ake nufi da ginin tubalin toka, da kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga?"

Tubali na gaske ƙasa ce mai danƙo da aka kwaɓa da ruwa da ciyawa, aka tattake da ƙafa, aka bar ta ta kwana ta ruɓa, aka mulmula da hannu ƙasa faɗi sama tsini, aka shanya a rana har ya bushe ƙayau. A jera shi tsinin na kallon sama, a cike tsakani da kwaɓaɓɓiyar ƙasa, bangon ya yi kauri a gindi yana sirancewa zuwa sama. Toka ba ta da danƙo, ruwan farko zai narkar da ita. Don haka duk auren ko cinikin da aka ɗora kan ƙarya, Bahaushe ya ce an yi ginin tubalin toka.

Karin maganar ƙadangare ana yinsa ne a kan 'yan'uwa ko aminan da suka bari saɓani ya shiga tsakaninsu har magulmaci ya sami ƙofa. Magini kuma ya san abin da ke tsaga bango: ruwa. Indararo ya toshe ko ya gajarta, ruwa ya riƙa zuba a gindin gini, ko rufi ya daɗe bai ga laso ba. Laso haɗin katsi ne, wato abin da ke kwantawa a ramin rini na marina, da gashin jima, da ruwan wani tsiro mai yaɗo da ake kira dafara. Makuba kuma daga kwasfar ɗorawa ake samunta. Su ne rigar ruwan soro, kuma dole a sabunta su kafin damina in sun tsufa. Kuskuren da ya fi yawa yanzu shi ne shafe ginin ƙasa da siminti. Siminti ba ya kama ƙasa sosai, yana rabuwa da ita, ruwa ya shiga ta tsagar ya kasa fita, bangon ya ruɓe daga ciki alhali fuskarsa tana nan sumul. Wanda ya gaji tsohon soro ya ƙwanƙwasa bangon da yatsa: in ya ji yana amsawa kamar ganga, a ɓamɓare simintin a mayar da yaɓe tun kafin ruwan farko ya sauka.