Kulocina na ƙara, in canza faifai kaɗai ya isa?

Tambaya daga wani direban Hiace mai jigilar Kano zuwa Zariya: Salam Malam, duk sanda na taka kuloci sai in ji ƙiiii kamar tsohuwar ƙofa, giya ɗaya da ribas kuma sai da kokawa. Bakanike ya ce in sayo faifai da boris, wai har da fok da ɗan ƙarfen da yake zama a kai. Anya ba son kashe min kuɗi yake ba?

Wa'alaikassalam ɗan'uwa. Gaskiya wannan karon bakanikenka na da gaskiya. Wancan ɗan ƙarfen mai kai kamar ƙwallo a jikin giyabos ake ɗaure shi, a kansa fok ɗin, wato ƙarfen da ke tura boris don faifai ya saki, ke lilo duk takun da ka yi, to lissafa sau nawa kake taka kuloci daga Unguwa Uku zuwa Kwangila. In kan ya cinye ko ramin fok ɗin ya zurfafa, fok ba zai tura boris yadda ya kamata ba, faifai bai gama saki ba kai kuma kana ta fama da giya.

Kuma ba a kai masa hannu sai an sauke giyabos, ka ga in ka yi ƙyashin kuɗinsa yau, nan gaba kaɗan kuɗin aiki za ka sake biya ga mota ta kwana a gareji babu lodi.

Abu ɗaya dai, kar ka sayi na Beljiyam. Giyabos na hannu ba laifi, amma wannan ƙarfen cinyewa yake, sabo za ka nema, ka riƙe tsohon a aljihu in za ka Kofar Ruwa a gwada tsawo da zare, don bambanci kaɗan sai ya canza zaman fok ɗin gaba ɗaya. Masu cewa a cike shi da walda a goge, ni dai ban yarda ba wallahi.

Wajen ɗaurawa ka tsaya a kai. A ɗaure shi tam, a shafa giris mai jure zafi ɗan kaɗan a kan ƙwallon, in ya yi yawa ya taɓa faifai santsi zai riƙa yi. A duba ƙaramin sifirin da ke riƙe fok ya kama, robar bakin ramin ma in ta yage a canza, ita ke tare ƙura. Bayan an haɗa, feda ta samu ɗan wasa a sama kamar milimita 5 zuwa 15. In har yanzu giya na gardama, a cire iska a famfon kuloci na ƙasa kafin wani ya ce a sake sauke giyabos.