Na'urar nukiliya ta cikin ɗaki: za ta iya kawo wuta a gida?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibin fiziks ne a aji biyu na jami'a. Na ga bidiyon wani yaro ɗan Amurka da aka ce ya ƙera na'urar haɗewar nukiliya a gidansu, tana ta haske launin shunayya. Gaskiya ne ko siddabaru? In gaskiya ne, me zai hana mu ƙera irinta mu huta da ɗauke wuta da kuɗin man janareta?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Gaskiya ne, ba siddabaru ba ne. Taylor Wilson ya yi hakan a 2008 yana ɗan shekara 14, ko da yake a ɗakin gwaje-gwajen wata jami'a ya kammala tasa, Jackson Oswalt na birnin Memphis kuma ya yi a 2018 kafin ya cika 13. Amma ba ɗayansu da ya kunna ko ƙwan fitila guda da abin da na'urarsa ta samar, kuma ba gazawarsu ba ce.

Na'urar da suke ƙerawa ta samo asali ne daga aikin Philo Farnsworth, ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙirƙiro talabijin, da Robert Hirsch a shekarun 1960. Tukunya ce ta ƙarfe da ake zuƙe iskar cikinta kusan ƙarƙaf, sai a saka ɗan iskar diyuteriyam, wato nau'in haidirojin mai nauyi. A tsakiya akwai wata 'yar ƙwallo ta saƙaƙƙiyar waya da ake ɗora wa lantarki mai ƙarfin bolt dubu 30 zuwa 50. Wannan ƙarfin ne ke fizgo cibiyoyin ƙwayoyin diyuteriyam zuwa tsakiya da gudun tsiya. Dukansu caji iri ɗaya gare su, don haka ture juna suke yi. Sai jefi-jefi wasu biyu su matso kusa har su haɗe, su saki makamashi, rabin lokaci kuma tare da nutiron guda, wato wata 'yar ƙwaya marar caji. Wannan ya sha bamban da abin da ke gudana a na'urar bincike ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, wadda ta fara aiki a 2004, inda ake tsaga cibiyar yuraniyam ne.

Hasken da ka gani ba shi ne shaida ba. Ko iskar duniya ce ta rage a tukunyar za ta yi haske in aka ba ta lantarki. Shaidar haɗewa ita ce nutiron da aka auna da na'urar ƙidaya.

To ga lissafin, kuma ka ɗauki biro ka gwada da kanka. Na'urar gida mai kyau takan fitar da nutiron kamar miliyan guda a daƙiƙa. Adadin kamar mai yawa ne, amma in ka ninka shi da makamashin kowace haɗewa, abin da za ka samu bai wuce kashi ɗaya cikin miliyan na wat ba, alhali na'urar na shan ɗaruruwan wat daga soket. Ina sauran ke tafiya? Yawancin ƙwayoyin sukan goge juna ne su kauce ba tare da sun haɗe ba, da dama kuma su daki wayar tsakiya ta yi jajur da zafi. Ilaktron kuma na kwarara su bugi bangon tukunyar. Ƙara girman tukunya ko ƙarfin lantarki ba ya toshe waɗannan ɓarakoki. Todd Rider ya yi nazarin wannan a digirinsa na uku a jami'ar MIT a 1995, ya nuna cewa irin wannan tsari asararsa ta fi ribarsa nesa ba kusa ba.

Su kuma manyan cibiyoyin bincike wata hanya suke bi: su dafa man, wato iskar da za a haɗe ƙwayoyinta, har ya zama filasma (iskar da ilaktron suka rabu da cibiyoyin ƙwayoyinta) mai zafin digiri miliyan 100 zuwa 150, kusan ninki goma na zafin da ke can cikin ƙwallon rana kanta, sannan su riƙe shi da cunkoso da tsawon lokacin da ya isa. Na'urar JET ta Ingila, mai riƙe filasma da maganaɗisu, ta samar da megawat 16 a 1997, amma ta sha 24 wajen ɗumamawa. A ranar 5 ga Disamba 2022 cibiyar Livermore ta Kalifoniya ta harba hasken leza 192 kan ɗan ƙwanƙolin mai, makamashi megajul 2.05 ya shiga, 3.15 ya fito. Babbar nasara ce, na kuma yi murna da ita. Sai dai 3.15 ɗin nan bai kai yunit ɗaya na wutar da kake saya a mita ba, alhali lezar ta zuƙi sama da yunit 80 kafin ta yi harbin. Shi kuwa ITER, babban injin haɗewa da ake ginawa a kudancin Faransa, an tsara ya ba da megawat 500 daga 50, amma na gwaji ne, ba zai tura wuta layi ba, kuma jadawalin da aka fitar a 2024 ya kai fara aiki da cikakken mai zuwa 2039.

Ko an ci wannan, da sauran rina a kaba. Tiritiyam, abokin haɗin diyuteriyam a manyan na'urori, kusan babu shi a doron ƙasa, rabinsa na ruɓewa cikin shekara 12 da 'yan watanni, dole tashar ta riƙa ƙera nata daga litiyam. Nutiron ɗin kuma na cinye ƙarfen bango a hankali. A ganina wutar haɗewa za ta yiwu, amma wanda ya ce maka ta kusa shigowa unguwarku yana gaba da hujja. Matsalar ɗauke wuta ta yau, farantan sola da batir sun fi kusa da magance ta.

Abin da ya fi damuna shi ne kada ka gwada wannan kai kaɗai a ɗaki. Lantarkin da ake amfani da shi na kisa nan take, kuma wasu sassan na riƙe caji ko bayan an cire soket. Tukunyar na fitar da hasken eksre, musamman ta tagar gilashin da mutum ke son leƙawa, ido ba ya ganinsa, jiki ba ya jinsa sai ya yi ɓarna. Harkar duk na'ura mai fitar da irin wannan tururi a Najeriya tana ƙarƙashin hukumar kula da nukiliya ta ƙasa, NNRA. In sha'awar na nan, samu malaminka na ɗakin gwaje-gwaje ku fara da koyon zuƙe iska da haɗa tukunyar da ba ta yoyo, sannan ku kunna filasma ba tare da diyuteriyam ba. Wannan kaɗai ya isa aikin kammala digiri, kuma ƙwarewar tana da amfani a asibitoci da harkar haƙar mai, inda ake aiki da ƙananan na'urorin samar da nutiron. Allah Ya ba da sa'a.