Motocin hayar da ake kira ta waya za su koma lantarki: hayaƙin zai ragu da gaske?

Yawancin tambayoyin wannan makon a kan abu ɗaya suka taru, wato motocin hayar da ake kira ta manhajar waya, irin su Uber, Lyft, Bolt da Didi, da maganar da ake ta yi cewa za su bar fetur su koma lantarki. Na haɗa masu kama da juna wuri guda, masu tsawo kuma na taƙaita su.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina jin cewa kamfanonin nan sun yi alƙawarin daina amfani da motocin fetur. Da gaske ne, ko dai talla ce kawai?

Amsa: Wa alaikumus salam. Alƙawarin an yi shi, kuma a bainar jama'a. A watan Yunin 2020 kamfanin Lyft ya ce kafin ƙarshen 2030 duk motar da ke aiki a manhajarsa za ta zama ta lantarki. A watan Satumba na shekarar Uber ya biyo baya, ya sa wa kansa wa'adin 2030 a biranen Amurka, Kanada da Turai, sannan 2040 a duk faɗin duniya. Ya kuma ce zai ware dala miliyan 800 don taimaka wa direbobi su sauya mota.

Sai dai ka lura da wani abu, ɗan'uwa. Motocin nan ba na kamfanonin ba ne. Direba ne ke sayen motarsa ko ya ɗauko ta haya, shi ke zuba mata mai, shi ke kai ta gareji. Abin da ke hannun kamfani manhaja ce da tsarin biyan kuɗi. Saboda haka idan Uber ya ce "za mu koma lantarki", abin da yake nufi shi ne zai lallashi dubban ɗaruruwan mutanen da ba ma'aikatansa ba su ci bashi su sayi sabuwar mota. Shi ya sa ni na fi duba dokar da hukuma ta kafa fiye da sanarwar kamfani. A 2021 hukumar kula da tsaftar iska ta jihar Kalifoniya ta zartar cewa zuwa 2030 kashi 90 cikin 100 na tafiyar da motocin nan ke yi a jihar dole ya zama na lantarki. Birnin New York ya kafa tasa ƙa'idar a 2023: zuwa 2030 kowace tafiya ta Uber ko Lyft sai ta kasance a motar da ba ta fitar da hayaƙi, ko motar da mai keken guragu zai iya shiga. A ƙasar Sin kuwa, birnin Shenzhen ya gama mayar da bas-bas ɗinsa sama da 16,000 zuwa lantarki tun 2017, tasi-tasinsa suka biyo baya ba da jimawa ba. Inda doka ta tsaya da ƙafarta, nan ake ganin sauyin da sauri.

Tambaya: Motocin haya ai kaɗan ne idan aka kwatanta da motocin gida. Me ya sa aka matsa musu?

Amsa: Saboda ba sa hutawa. Motar gida tana kwana a ajiye, ta wuni a ajiye, ƙila awa ɗaya ko biyu take yi a kan hanya. Motar direban da wannan ce sana'arsa kuwa tana iya cin kilomita 200 zuwa 300 a rana. Wani mai bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke Davis, Alan Jenn, ya wallafa nazari a 2020 da ya nuna cewa mayar da motar haya guda ɗaya zuwa lantarki a jihar yana rage hayaƙin kabon kusan ninki uku na abin da motar gida za ta rage.

Akwai kuma abin da fasinja ba ya gani. Kafin motar ta iso wurinka ta yi tafiya babu kowa a ciki, bayan ta sauke ka ma za ta yi yawo tana jiran kira. Wata ƙungiyar masana kimiyya a Amurka, Union of Concerned Scientists, ta fitar da rahoto a 2020 inda ta ƙiyasta cewa kusan kashi 42 cikin 100 na tafiyar motocin nan ba fasinja ake yin ta. Ta kuma gano cewa da yawa daga cikin masu kiran motar, da babu manhajar, bas ko jirgin ƙasa za su hau, ko su taka da ƙafa. Da aka haɗa lissafin sai ya fito cewa tafiya a motar haya ta manhaja tana fitar da hayaƙi da ya zarce na hanyoyin da ta maye gurbinsu da kashi 69 cikin 100. Kamfanonin ba su fara wannan tafiya da hannu mai tsabta ba ke nan.

Tambaya: Malam, ni abin da ban gane ba, wutar da ake cajin motar ai da gawayin kwal ko gas ake samar da ita. To ina ragin? Ba an ɗauke hayaƙin daga salansa an kai shi tashar wuta ba ne kawai?

Amsa: Hajiya, tambayarki ce ta fi kowace nauyi a wannan makon, kuma rabin maganarki gaskiya ne. Mu yi lissafi a sauƙaƙe.

Lita ɗaya ta fetur idan ta ƙone tana fitar da kimanin kilo 2.3 na iskar kabon. Mu ɗauki motar da ke shan lita 8 a kilomita 100. Hayaƙinta ya kama kilo 18 da ɗoriya, ban da wanda aka fitar wajen haƙo ɗanyen man, tace shi da jigilarsa. Motar lantarki mai irin wannan girman tana cin yunit 15 zuwa 20 na wuta a kilomita 100, irin yunit ɗin da mita ke ƙirgawa. Mu ce 18. Idan tashar kwal ce zalla ta samar da wutar, kowane yunit yana zuwa da kusan kilo ɗaya na kabon, kin ga an kusa yin kunnen doki da motar fetur. Idan tashar gas ce ta zamani, yunit ɗin bai kai rabin kilo ba, sai lissafin ya faɗo ƙasa da kilo 9. Idan kuwa daga madatsar ruwa, hasken rana, iska ko nukiliya wutar ta fito, abin da ya rage ɗan kaɗan ne.

Wuya ki sami ƙasar da duk wutarta daga kwal take, gauraye ake yi. Dalilin da ya sa motar lantarki ke cin riba ko da wutar ba ta da tsabta sosai shi ne injin fetur ɓarnatacce ne. Mafi yawan ƙarfin da ke cikin man zafi yake zama, ya bi ta lagireto da salansa ya tafi, abin da ke isa tayoyi bai fi kashi 20 zuwa 30 cikin 100 ba. Injin lantarki kuwa mafi yawan abin da ya ja daga batir yana kai shi tayoyi. Ƙari a kan haka, idan direba ya ɗaga ƙafa ko ya taka birki, injin yana juyawa ya zama janareta ya mayar da wani ɓangare na ƙarfin cikin batir. A cunkoso kuma, idan motar ta tsaya, ba ta cin komai sai abin da na'urar sanyaya ɗaki ta ja. Tsaya-tafi na cikin gari, wanda ke kashe motar fetur da shan mai, shi ne filin da ta lantarki ta fi ƙwarewa, kuma nan ne motar haya ke wuni.

Saura maganar ƙera batir, wadda masu talla ba sa son a tayar. Haƙo litiyam, nikel da kobalt da sarrafa su yana cin wuta mai yawa, don haka motar lantarki tana fitowa daga masana'anta da bashin hayaƙi da ya fi na motar fetur. Da tafiya take biyan bashin, kuma motar da ke yawo dare da rana ta fi saurin biya. Cibiyar ICCT, mai nazarin tsaftar sufuri, ta haɗa komai a 2021, daga ƙera mota har zuwa ranar da za a yi gwangwaninta. Ta samu cewa matsakaiciyar motar lantarki tana ƙasa da ta fetur da kashi 66 zuwa 69 cikin 100 a Turai, 60 zuwa 68 a Amurka, 37 zuwa 45 a Sin, sannan 19 zuwa 34 a Indiya, inda kwal ya fi yawa. Ragin yana nan a ko'ina cikin huɗun, girmansa ne ya bambanta da irin wutar ƙasa.

Tambaya: Batirin wayata shekara biyu ya yi ya fara mutuwa. Ni direba ne, idan na sayi motar lantarki ba haka nata zai yi ba?

Amsa: Dangi ɗaya ne, duka na litiyam, amma kulawar da suke samu ba ɗaya ba ce. Batirin waya kullum ana cika shi fal a zuƙe shi tas, yana zafi a aljihu ko a ƙarƙashin matashi, babu mai sanyaya shi. Na mota yana da kwamfutar da ke lura da ƙwayoyinsa, yawancin motocin yanzu kuma suna da ruwan da ke zagayawa yana sanyaya shi. Masu ƙera su sukan ɓoye wani ɗan kaso a sama da ƙasa wanda direba ba ya taɓawa. Garantin da aka fi bayarwa shi ne shekara 8 ko kilomita 160,000, duk wanda ya riga zuwa, da sharaɗin cewa batirin ba zai faɗi ƙasa da kashi 70 cikin 100 na ƙarfinsa ba.

Kai da kake direba, kilomitan za ka duba, ka manta da shekarun. Mai yin 60,000 a shekara zai cinye garantin kafin shekara uku. Ka tambayi irin batirin kafin ka biya. Wanda ake kira LFP ya fi jure yawan caji, ba ya damuwa da a cika shi, ko da yake ya fi nauyi kuma zangonsa ya ɗan gaza. Mai nikel da kobalt ya fi nisan zango, amma an fi so a tsayar da cajinsa a kashi 80 a ranakun aiki. Zafi ne babban abokin gabarsu duka biyun.

Tambaya: To riba fa? Zan fi samu da ita ko da ta fetur?

Amsa: Amsar tana wurin da za ka riƙa caji. Motar ba ta buƙatar juyen baƙin mai, ba ta da fulogi, birkinta yana daɗewa. Tayoyi dai tana cinsu da ɗan sauri saboda nauyi. Idan kana da inda za ka jona ta da dare, da caja mai kilowat 7 zuwa 11, za ka tashi da safe ka tarar da ita cike a kan farashin wutar gida, wanda a yawancin ƙasashe ya fi fetur sauƙi a kowace kilomita. Wannan direban yana cin riba.

Wanda ke zaune a gidan haya na bene, ba shi da wurin ajiye mota na kansa, labarinsa daban ne, kuma direbobin manyan birane da yawa haka suke. Dole ya dogara da cajar kan hanya mai sauri, wadda kuɗinta kan ninka na gida sau biyu ko uku. Daga kashi 10 zuwa 80 tana ɗaukar minti 20 zuwa 40, daga nan sai ta rage gudu don kare batir, shi ya sa za ka ga gogaggun direbobi suna cire wayar caji a kashi 80 su kama hanya. Ka ƙara da layin da zai tarar, da ranar da zai isa ya ga cajar ta lalace. Duk wannan lokacin manhaja tana ta ƙara, kira yana wucewa ga wani.

Kamfanonin sun gwada dabaru. A Landan, a Janairun 2019 Uber ya ɗora wa fasinja ƙarin fene 15 a kowace mil, wanda a lokacin ake tara wa direba don sayen motar lantarki. A 2024 ya ƙulla yarjejeniya da BYD, kamfanin ƙera motoci na ƙasar Sin, ta motocin lantarki 100,000. Kafin nan, a 2021, ya shirya da kamfanin ba da hayar motoci na Hertz cewa za a samar wa direbobi motocin Tesla har 50,000. Amma a Janairun 2024 Hertz ya sanar zai sayar da motocin lantarki 20,000 daga cikin nasa, yana kukan tsadar gyara bayan haɗari da faɗuwar darajarsu a kasuwa. Wannan faɗuwar darajar ita ce direbobi suka fi mantawa da ita a lissafi. Idan masu ƙera mota suka karya farashin sabuwa, taka ta hannu ma ta karye, bashin banki kuwa yana nan yadda yake. Juya maganar kuma, ga mai neman ta hannu wannan dama ce, matuƙar an auna masa lafiyar batirin da na'ura kafin ciniki.

Tambaya: Manhaja takan nuna min adadin hayaƙin da na "rage" idan na zaɓi motar lantarki. In yarda da lambar?

Amsa: Ƙiyasi ne, babu na'urar da ta auna tafiyarki. Manhajar tana ɗaukar nisan da aka yi ta kwatanta da abin da matsakaiciyar motar fetur za ta fitar. Ba ta san cewa da bas za ki hau ba, wanda a lissafin kowane fasinja sau da yawa ya fi sauƙin hayaƙi. Ki kuma duba abin da zaɓin ya ƙunsa, domin Uber Green, wato zaɓin motoci masu ƙarancin hayaƙi a manhajar Uber, da aka fara shi ya haɗa har da motoci masu amfani da fetur da batir tare, ba na lantarki zalla ba. Idan ragin kike so ya zama na gaske, ki haɗa da zaɓin raba mota da wani fasinja inda akwai shi, kuma ki guji soke kira bayan direba ya riga ya taso, don kilomitan da ya ci a banza ba sa fitowa a lambar da kike gani.