Tseren gudu a Ɗa'ifa: wa zai fito, wa zai lashe?

Ɗan'uwa, ka tambayi yadda za a kintaci yawan masu fitowa tseren gudu na lokacin zafi a Ɗa'ifa ta ƙasar Saudiyya, da wanda zai lashe. Fara duba lokacin tashi. In bayan Asuba ne ranar Asabar, wuri zai cika. In sai rana ta take, da yawa za su noƙe. Kada yawan rajista ya ruɗe ka.

Batun gwani kuwa, garin na kan tudu, sama da mita 1,800. Na ga yaronmu na Jidda, barewa ne a bakin teku, amma hawan farko ya dafa gwiwa yana haki. Ni dai ɗan Abha zan zaɓa, wani garin kan duwatsu a Saudiyya, don ya saba da tsauni. Mai asma ko ciwon zuciya ya fara ganin likita.