Amsa ga malamar firamare mai son digirin digirgir kan yara masu baiwa

Malama, saƙonki ya iso. Kin ce shekara 11 kina koyarwa a firamare, kina son zuwa nan Amurka ki yi digirin digirgir kan ilimin yara masu baiwa, amma kina fargabar za a ce ke malamar aji ce kawai, ba ki taɓa wallafa bincike ba.

Ki kwantar da hankalinki, shekarun ajin nan su ne jarinki. Babbar matsalar fannin har gobe ita ce gano yaran, kuma malamin aji ne ya fi kowa sanin inda ake yin kuskure. Tun 1921 Lewis Terman na Jami'ar Stanford ya fara bin diddigin yara kusan 1,500 da ya zaɓa da gwajin kaifin ƙwaƙwalwa. A 1978 Joseph Renzulli na Jami'ar Connecticut ya ce maki kaɗai bai isa ba, sai an haɗa basira da naci kan aiki da ƙirƙira. A 2016 kuma David Card da Laura Giuliano suka nuna cewa da wata gunduma a jihar Florida ta gwada dukan yara, ba ta jira malamai da iyaye su zaɓo ba, sai ga 'ya'yan talakawa da na baƙaƙen fata da yaran da Turanci ba harshen gidansu ba ne sun ƙaru cikin waɗanda aka gano masu baiwa ne.

Wannan ya taɓa ni sosai. Na taɓa koyar da wani yaro da bai fi wata shida da zuwa Amurka ba, Turancinsa tsinci-tsinci, kullum yana ƙuryar aji shiru. Da aka ba shi gwajin siffofi marar kalmomi, kafin na gama raba takardu ya kusa kammalawa. Irin yaron nan, wanda Hausa ce a bakinsa amma da Turanci ake auna shi, ki gina tambayar bincikenki a kansa.

Batun kuɗi: ki nemi PhD, wato digirin digirgir na bincike, don EdD, wanda ya fi karkata ga aikin koyarwa da gudanar da makarantu, yawanci mutum ne ke biya wa kansa. Ki nemi gurbin mataimakin bincike, aikin awa 20 a mako, a yafe miki kuɗin makaranta a kuma ba ki alawus. Ki duba jami'o'in Connecticut da Purdue da William and Mary, ki rubuta wa farfesa kai tsaye kafin ki cika fom. Ki sa ran shekara 4 zuwa 6, kuma bincike kan yara sai kwamitin ɗa'a na jami'a da iyaye sun amince, abin da kan ci watanni.

Ki turo min shafi ɗaya kan wani ɗalibinki da jarrabawa ta kasa ganowa, mu fara daga nan. Allah ya yi jagora.