Ku Tambaya Mu Amsa: Wane ne Mirza Ghalib?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Don Allah ƙanina ne ya turo min wani guntun bidiyo, wani mutum mai doguwar hula da gemu yana tafe cikin lungu ana rera wata waƙa a hankali mai shiga rai, ya ce wai sunan fim ɗin Mirza Ghalib. Ni dai ban ga rawa ba ban ga faɗa ba. Fim ɗin Indiya ne ko na Pakistan? Kuma labarin da gaske ya faru? Daga wata mai karatunku.

Amsa: Wa'alaikumus salam 'yar uwa, kin taɓo min inda yake min ƙaiƙayi. Na Indiya ne, wasan kwaikwayo mai dogon zango da gidan talabijin na gwamnati Doordarshan ya nuna a 1988. Gulzar ne ya rubuta ya kuma ba da umarni, Naseeruddin Shah ya fito a Ghalib, muryar da ta kama ki kuwa ta Jagjit Singh ce, shi da matarsa Chitra Singh suka rera waƙoƙin, irin waɗanda ake ce wa ghazal.

Mutumin kuwa an yi shi da gaske. Sunansa Mirza Asadullah Khan, Ghalib laƙabinsa ne na waƙa, an haife shi a Agra a 1797, ya rasu a Delhi a 1869, da Urdu da Farisanci ya yi waƙa. An yi masa aure yana ɗan shekara 13 da Umrao Begum, suka haifi 'ya'ya 7 amma ko ɗaya bai rayu ba, duk suna ƙanana suka koma, kuma wallahi nan ne wasan ya fi taɓa ni, yadda Tanvi Azmi ta fito a matar, mai ibada mai haƙuri, ga miji mai shan giya da caca har an taɓa ɗaure shi a 1847, ga masu bin bashi kullum a ƙofar gida, amma dai suna tare har mutuwa ta raba. Sai ki ga ta yi shiru kawai tana kallonsa, shirun nan ya fi kuka ciwo.

Akwai kuma zaryar da ya yi har Kalkata kan kuɗin fanshon gidansu da ke hannun Turawan Ingila, bai samu yadda yake so ba. Ga gasarsa da Zauq, malamin waƙar sarkin Delhi Bahadur Shah Zafar, sai da Zauq ya rasu a 1854 Ghalib ya samu kujerar, bayan shekara 3 boren da Indiyawa suka yi wa Turawa a 1857 ya tashi, Turawa suka rusa sarautar, Delhi ta zama kango a kan idonsa.

Sai dai kar ki ɗauki komai a matsayin tarihi. Soyayyar mawaƙiya Nawab Jaan, wadda Neena Gupta ta fito, an ƙara mata gishiri sosai, a wata wasiƙa dai Ghalib ya ambaci wata mace da ya taɓa so.

Shawarata ki nemi wanda aka rubuta fassara a ƙasan hoton, Urdun yana da nauyi, ki kalla kashi ɗaya a zama ɗaya ba gaggawa. Kuma ki lura kar ki ɗauko fim ɗin 1954 na Sohrab Modi, sunansu ɗaya.